Ɗalibaina Suna Cewa "Yo Hablar", Malamina Kuma Ya Ce Laifina Ne

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Sifaniyanci ce a wata makarantar sakandare a arewacin Kamaru, kuma wannan ce shekarata ta farko a bakin aiki. An ba ni ajin katiriyam mai ɗalibai 84, ajin da yara ke fara koyon harshen waje na biyu. Na yi mako uku ina koya musu aikatau a siffarsa ta ƙamus, wato infinitivo, masu ƙarewa da -ar da -er da -ir. Sun haddace fiye da arba'in tare da ma'anoninsu, har suna rera su kamar waƙa. Amma da muka yi gwajin farko, sai na tarar yawancinsu sun rubuta "yo hablar español" da "nosotros comer arroz", wato sun bar aikatau a siffarsa ta ƙamus ba su sarrafa shi ba, kuma waɗanda suka kai maki 10 cikin 20 ba su fi ashirin ba.

Shugaban sashenmu, wanda shi ne ya fara koya mini harshen ina yarinya, ya ɗaga takardun a ɗakin malamai a gaban abokan aiki, ya ce na ɓata mako uku a banza. Ya ce kuma ya ji labarin ina kawo misalai da Hausa da Fulatanci, alhali kamata ya yi in cika allo da jadawalin sarrafa aikatau, yara su kwafa su haddace, kamar yadda ya yi mana. Ban ce masa komai ba, amma na yi kuka da na koma gida. Bayan kwana biyu mahaifin wata ɗalibata ya zo ya ce a mayar da 'yarsa ajin Larabci, tunda wannan yaren ba zai amfane ta da komai ba.

Yanzu duk lokacin da zan shiga aji sai gabana ya faɗi. Ina ganin girman malamina, ba na son jayayya da shi, amma hanyarsa ba ta kwanta mini ba, domin mun haddace jadawali mun ci jarrabawa, amma da yawa daga cikinmu ko gaisuwa ba su iya da harshen ba. Har na fara tunanin neman canjin makaranta. Me zan yi?

Malama, daga arewacin Kamaru

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta wasiƙarki da natsuwa, kuma na ji zafin abin da ya same ki, domin gyaran da aka yi wa mutum a bainar jama'a yana da ciwo, balle idan ya fito daga bakin wanda ya ɗora shi a kan hanya tun yana ƙarami. Kukan da kika yi ba abin kunya ba ne. Amma kafin mu taɓa maganar mutane, ina so mu fara duba takardun yaran, domin na yi imanin cewa amsar yawancin damuwarki tana cikin wannan kuskure na "yo hablar", kuma kuskure ne mai dalili.

Ki tuna yadda yaron da ya tashi da Hausa yake gina magana. Yana cewa na tafi, ka tafi, kin tafi, ya tafi, mun tafi, sun tafi, kuma a duk wannan jeri kalmar tafi ba ta motsa ba. Abin da ke gabanta shi ke gaya mana wanda ya yi aikin. Yaron da ya tashi da Fulatanci shi ma yana cewa mi yari, a yari, o yari, aikatau na nan yadda yake. Ko Faransancin da suka yi shekaru suna karatu da shi bai shirya kunnensu ba, domin je parle, tu parles, il parle da ils parlent sun bambanta a rubuce, amma a baki aikatau ɗin sauti ɗaya ne. Ke nan Hausa da Fulatanci sun koya musu doka guda, Faransanci kuma bai kore ta daga kunnensu ba: ka sa mai aiki a gaba, ka ajiye aikatau a bayansa yadda ka same shi. Da kika ba su yo, wato ni, kika ba su hablar, wato yin magana, sai suka haɗa su bisa wannan doka. Tunani suka yi, kuma tunanin da ya yi daidai a Hausa da Fulatanci ne ya kai su ga kuskure a Sifaniyanci.

Sifaniyanci kuwa ya ɗauke wannan aiki daga gaba ya mayar da shi baya. Abin da Hausa ke faɗa da ina, kana, yana, muna, kuna, suna, shi yana faɗarsa da wutsiyar kalma: hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan. Shi ya sa mai harshen yake iya cewa hablo kawai ba tare da yo ba, kuma magana ta cika. Wannan shi ne babban abin da ɗalibanki ba su gano ba tukuna, kuma a nan zan gaya miki gaskiya game da naki rabon a cikin lamarin. Mako uku na jerin kalmomi da ma'anoninsu, ba tare da jimlar da kalmomin za su zauna a ciki ba, ya yi yawa. Yaro ya riƙe cewa comer na nufin manger, na nufin ci, kuma ba a nuna masa inda comer yake da izinin tsayawa da inda dole ya canza kaya ba, sai ya riƙa sa shi ko'ina. Wannan tuntuɓe ne irin na shekarar farko, ana gyara shi cikin mako biyu ko uku, kuma kalmomi arba'in ɗin da suka haddace jari ne da za ki ci moriyarsa nan gaba kaɗan.

Shawarata ta farko ita ce ki ba infinitivo mazauninsa na gaskiya. A Hausa muna da abin da ya yi kama da shi ƙwarai, wato sunan aiki: ci, sha, tafiya, karatu, rubutu. Muna cewa ina son karatu, na iya rubutu, na gama wanki, kafin cin abinci. A irin waɗannan gurabe ne Sifaniyanci ke sa infinitivo: quiero leer, sé escribir, antes de comer. Ɗalibanki masu Fulatanci ma sun fi kowa sa'a a nan, domin Fulatancin Adamawa yana da tasa siffar mai ƙarewa da -ugo, kamar nyaamugo da yarugo da janngugo, kuma mi yiɗi nyaamugo daidai yake da quiero comer. Sannan dukansu sun taso da dokar nan ta firamare da ke cewa idan aikatau biyu suka biyo juna a Faransanci, na biyun yana zama a siffarsa ta ƙamus, kamar je veux manger. Ba sabon abu za ki dasa musu ba, tuni za ki yi musu da abin da ke bakinsu.

Saboda haka ki ɗauki mabuɗai biyar ki koyar da su a dunƙule, ba tare da kin tsaya bayanin yadda aka sarrafa su ba: quiero (ina so), puedo (ina iya), voy a (zan), tengo que (dole in), da me gusta (ina jin daɗin). Ki rubuta su a gefe ɗaya na allo su zauna a can har tsawon makonnin, a ɗaya gefen kuma ki zaɓi aikatau goma sha biyu zuwa goma sha biyar daga cikin waɗanda suka haddace, waɗanda suka shafi wuninsu na gaske. Yarinyar da ke shara kafin ta fito makaranta za ta iya cewa "tengo que barrer el patio", wanda ake aike kasuwa ya ce "voy a comprar arroz", masu ƙwallo su ce "me gusta jugar al fútbol", mai jin ƙishi a zafin watan Maris ya ce "quiero beber agua". Mabuɗai biyar da aikatau goma sha biyu sun ba da jimloli sittin da ke daidai, kuma wani alfanun shi ne cewa kalmomi masu taurin kai irin jugar da dormir da salir ba su da wata wahala a wannan gurbi, tunda ba a taɓa su. Ki kuma kafa doka cewa ba mai fita ko shiga ajinki sai ya ce "¿Puedo salir?" ko "¿Puedo entrar?", wato in fita? ko in shigo?, domin kalmar da yaro ya biya buƙatarsa da ita ba ta saurin ɓacewa daga kansa.

Bayan kwanaki kaɗan sai ki zo kan wutsiya, kuma a nan ina so ki yi abin da ido zai gani. Ki sami kwalin banza ki yanka shi, ki rubuta habl a wani yanki, ar a wani, sannan o, as, a, amos, áis, an kowanne a nasa yankin. Yaro ɗaya ya riƙe saiwar kalmar a gaban aji, wani ya tsaya kusa da shi da ar, sai ki ce ina magana, mai ar ya koma gefe, mai o ya zo ya tsaya a gurbinsa. A aji mai mutum 84 ba za ki iya zagayawa kan kowane littafi ba, amma kowa yana iya ganin kwali, kuma za ki iya raba layukan benci ta yadda wannan layi shi ne muna, wancan shi ne suna, kowane layi ya amsa da wutsiyarsa idan kin kira aikatau. Waɗanda ke zuwa Islamiyya za su gane abin nan da nan idan kin tuna musu da katabtu, katabta, katabti, katabna na darasin sarfu, inda ƙarshen kalma ke nuna mai aiki. Ina kuma ba ki shawara ki hana rubuta yo da tú da nosotros, wato ni da kai da mu, na mako guda cur, domin muddin suna nan a gaba yaro zai jingina da su, amma idan an cire su dole ya nemi mai aikin a wutsiya.

Daga nan sai ki riƙa jera jimloli biyu kafaɗa da kafaɗa: como arroz da quiero comer arroz, estudio español da tengo que estudiar español, vivo en Garoua da me gusta vivir en Garoua. Ki bar su su faɗi da bakinsu abin da ya bambanta su, har su kai ga cewa aikatau na farko a jimla shi ke ɗaukar wutsiyar mai aiki, na biyun kuma ya zauna yadda yake a ƙamus. Ki fara da rukunin -ar kaɗai, wanda shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba, kuma shi ne harshen ke ci gaba da ƙera sababbin kalmomi a cikinsa, irin chatear. Idan ya zauna sai ki kawo -er da -ir tare, ki kwantar musu da hankali cewa a lokaci mai ci waɗannan biyun wuri biyu kawai suka rabu, comemos da vivimos, coméis da vivís.

Akwai ramuka uku da nake so ki sa wa ido. Na farko, Faransanci aboki ne kuma mai ruɗarwa ne: chanter ya zama cantar, entrer ya zama entrar, domin -er na Faransanci da -ar na Sifaniyanci daga -are na Latin suka fito, don haka yaro zai ga comer ya ɗauka ɗan gidan su parler ne, alhali danginsa su ne vender da beber. Na biyu shi ne furuci. A parler ba a furta r ta ƙarshe, a hablar kuwa dole a ji ta, kuma nauyin murya yana kan gaɓar ƙarshe a kowane infinitivo, h ta farko kuma shiru take. Harshen Bahaushe ya saba da kaɗa r, saboda haka wannan gyara ba zai ɗauke ki lokaci ba idan kin fara shi da wuri. Na ukun ya fi ɓuya. Muna cewa ina so in tafi, kuma muna cewa ina so ka tafi, da gini iri ɗaya, amma Sifaniyanci yana amfani da infinitivo ne kawai idan mai so shi ne mai tafiyar, quiero ir. Idan wani ne zai tafi sai a koma quiero que vayas, wanda darasi ne na gaba. A yanzu ki tsaya kan misalan da mai aiki ɗaya ne, ki bar llamarse da levantarse su zo a dunƙule a matsayin me llamo (sunana) da me levanto (ina tashi) har zuwa lokacinsu.

Yanzu ga maganar malaminki. Ya yi kuskure da ya zaɓi ɗakin malamai ya yi miki gyara, kuma ba zan rufe wannan ba. Amma ki yi masa adalci a kan abin da ya hango. Ya san yaran nan shekara mai zuwa za su zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, ya san ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ya ga takardun da ke nuna cewa ba su iya sarrafa aikatau ba, abin da yake gaskiya ne. Jadawalin da yake so yana da amfani, domin ba wanda ya iya wannan harshe ba tare da wutsiyoyin nan sun zauna masa daram ba, kuma yaranmu da suka saba da hadda tun daga makarantar allo suna da ƙarfin da bai kamata a yi watsi da shi ba. Inda nake tare da ke shi ne cewa jadawali kaɗai yana haifar da irin abokan karatunki da kika ambata. Tsarin koyarwa da ake bi yanzu a sakandaren Kamaru ma, wanda ya ɗora nauyi kan abin da ɗalibi zai iya yi da iliminsa, yana bayanki a wannan. Hanyarki da tasa suna iya zama a aji ɗaya: ki fara da jimla, ki rufe darasi da minti goma na jadawali da za su kwafa su haddace a gida.

Ki same shi shi kaɗai, a lokacin da ba ya cikin gaggawa, ki gaishe shi yadda ɗaliba ke gaida malaminta. Ki fara da amincewa cewa sakamakon bai yi kyau ba kuma kin ga inda kika yi jinkiri, sannan ki nuna masa shirinki na mako uku a rubuce, har da wurin da jadawalinsa ya shiga, ki roƙe shi ya zo ya zauna a bayan aji ya ga darasi ɗaya ya ba ki gyara. Babba yakan sauko idan aka nemi iliminsa, kuma mai yiwuwa abin da ya sosa masa rai shi ne jin cewa 'yar da ya koyar ta yar da hanyarsa ba tare da ta shawarce shi ba. A ƙarshen zaman, cikin ladabi, ki gaya masa cewa maganar ranar nan ta yi miki nauyi saboda matsayinsa a wurinki, kuma kina roƙon idan ya ga wani kuskure nan gaba ya kira ki gefe. Idan ya karɓa, kin sami majingina. Idan kuwa ya dage cewa jadawali kaɗai yake so, kada ki ja da shi a gaban mutane. Ki cika abin da manhaja da sashe suka wajabta, ki ci gaba da jimlolinki a cikin lokacinki, ki ajiye takardun gwaji na farko da na biyu, ki kawo su taron malaman sashe inda ake tattauna irin wannan a hukumance. Sai idan wulaƙanci a bainar jama'a ya maimaitu ne zan ce ki kai maganar ga mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu.

A kan kawo Hausa da Fulatanci kuwa, ina goyon bayanki da sharaɗi. Su zama gada ta minti biyu ko uku, a haye a koma Sifaniyanci, kuma ki tuna cewa a aji irin naki akwai yaran da ba ɗayan biyun ne harshen gidansu ba. Maimakon ke ki riƙa kawo misalin, ki tambayi aji yadda ake cewa ina son ci a harshen kowa, ki bar mutum uku ko huɗu su faɗa. Ta haka ba wanda zai ji an bar shi a baya, kuma ba wanda zai kai ƙara cewa Malama ta mayar da darasi na 'yan yarenta.

Shi kuma mahaifin yarinyar, kada ki ɗauki zuwansa a matsayin hukunci a kan aikinki. Larabci zaɓi ne mai daraja, uba yana da haƙƙin ya yi tunanin makomar 'yarsa, kuma ko za a iya canza aji a tsakiyar shekara magana ce ta hukumar makaranta. Naki shi ne ki ba shi bayani cikin girmamawa: cewa Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe 20, cewa ɗaya daga cikinsu, Ikwatoriyal Gini, tana da iyaka da Kamaru kuma 'yan kasuwa na hada-hada da mutanenta a garin Kye-Ossi na kan iyaka, cewa yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya tare da Larabcin da yake so, kuma cewa ke kanki da shi kike cin abinci. Ki kuma roƙe shi a ji ta bakin yarinyar, domin sau da yawa irin wannan buƙata tana biyo bayan maki mara kyau da yaro ya kai gida cikin kunya. Idan bayan haka ya tsaya kan ra'ayinsa, ki sallame ta da fatan alheri.

Batun neman canjin makaranta ina roƙonki ki jingine shi zuwa ƙarshen zango na biyu. Duk inda kika je a yankin nan za ki tarar da yara masu cewa yo hablar saboda dalilan da muka bayyana, kuma za ki tarar da wani babba mai tasa hanyar, amma ba lallai ki tarar da wanda ya san ki tun kina yarinya ba. Ki ba shirin nan mako uku, sannan ki yi ɗan gajeren gwaji mai jimloli goma, biyar da ke buƙatar wutsiya, biyar da ke buƙatar infinitivo, ki ƙirga da kanki mutum nawa suka rarrabe su. Idan sun ƙaru sosai sai ki wuce gaba, kina sane da cewa siffar aikin da za a yi nan gaba, hablaré da comeré da viviré, a kan infinitivo ɗin da suka haddace ake gina shi kai tsaye. Idan ba su ƙaru ba, ki rage aikatau zuwa shida na rukunin -ar ki sake zagayowa da kwalayenki. Ranar Litinin ki riga su isa, ki rubuta "¿Puedo entrar?" da manyan baƙaƙe a kan takarda ki liƙa a ƙofa, ki tsaya a bakinta ki amsa wa kowane yaro da "Sí, puedes". Ki sake rubuto mini bayan gwajin, ina so in ji adadin da kika samu da kuma yadda zamanku da Malam ya kasance. Allah ya yi miki jagora.